Bazarar Sakkwato: abin da na gani a asibiti da cikin gidanmu

Ni malamar asibiti ce a wani ƙaramin asibitin unguwa da ke gefen birnin Sakkwato, irin wanda ake awon ciki, a yi wa yara rigakafi, a karɓi haihuwa idan ta zo da sauƙi, abin da ya fi ƙarfinmu kuma mu tura shi babban asibiti. A garin nan aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a nan na haifi 'ya'yana, don haka zafi ba baƙona ba ne. Mu Sakkwatawa har tutiya muke yi da shi. Baƙo ya zo daga Jos ko Kaduna a watan Afrilu yana sharce gumi, sai ka ji ana ce masa, "Ai ba ka ga komi ba, bari Mayu ta kama." Wannan tutiyar ce ta sa muka ɗauki zafi abin haƙuri kawai, ba mu lissafa shi cikin abubuwan da ke kwantar da mutum har su kai shi kushewa. Ni kuwa na ga ya kwantar, na ga ya kashe, a wurin aikina da kuma cikin dangina. Shi ya sa na ga ya dace in ba da shaida.

Da zarar hunturu ya janye a ƙarshen Fabrairu, gari sai ya fara ɗaukar zafi, ya yi ta hawa cikin Maris da Afrilu da Mayu, ba sassauci sai ruwan farko ya sauka. A tsakiyar bazara ma'auni yakan wuce digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun har 44 ko 45. Amma ni zafin dare ya fi ba ni tsoro. Jikin ɗan'adam yana iya ɗaukar zafin yini idan dare ya ba shi hutu. To ɗakin bulo mai rufin kwano tun hantsi yake shan rana, da dare kuma ya riƙa amayar da ita a kan masu kwana a ciki. Kakanninmu da suka yi ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara sun san garin da suke zaune. Mu mun bar wannan mun koma kwano, muka dogara da fanka, ga shi lokacin ne aka fi ɗauke wuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, gidaje da yawa da ke tayar da janareta da dare sun jingine shi.

Wanda ya daɗe a asibiti irin namu ba ya buƙatar kalanda. Da damina zazzabin cizon sauro ke cika mana benci. Da bazara kuma sai kaya su sauya: gudawa da amai ga yara, ƙurajen zafi da ke rikiɗewa su zama maruru, ƙyanda, ƙaranbau, fitsari mai zafi ga mata, haɓo, sai harbin kunama da dare saboda kowa ya fito tsakar gida ya shimfiɗa tabarma. Gudawar ita ta fi yawa, dalilinta kuma a fili yake. Rijiyoyi sun ja baya, famfo ba kullum ba, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka, sai uwa ta fara tsimin ruwa, wanke hannu da wanke kwanuka su ne farkon abin da ake ragewa. Tuwon da zai kwana lafiya da hunturu a ɗumama da safe, da bazara kafin asuba ya lalace. Kunun da aka dama wa yaro da safe, kafin azahar ya yi tsami, kuma a ba shi haka saboda ba a iya zubarwa. Manyan yara maza su kuma gulbi suke faɗawa su yi wanka, bayan wani lokaci a kawo mana su da tsargiya, suna fitsarin jini.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne, zafin da ya kwantar da mutum shi ne kuma ke tare masa hanyar asibiti. Da bazara kafin ƙarfe tara na safe bencinmu ya cika. Daga sha ɗaya har bayan la'asar kuwa sai ka ce an yi shara, ba kowa. Ba wai ciwo ne ya tafi hutu ba. Wace uwa ce za ta goya yaro mai zazzabi ta taka a ƙasa cikin wannan rana, ko ta hau kabu-kabu iska mai ƙuna tana dukan fuskarsa? Sai a ce a bari rana ta yi sanyi. Rana ta yi sanyi, maigida bai dawo ba, ba izini, ba kuɗin mota. Ya dawo bayan isha'i, a ce a bari da safe. Yaron da ya fara gudawa da hantsi, wanda ruwan gishiri da sukari zai ishe shi, sai a kawo mana shi tsakar dare ko washegari, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ya yi kuka ba hawaye, jijiyar da za a sa masa ruwa ma sai an sha wahala kafin a same ta. Tsakanin ciwo mai sauƙi da ciwo mai kisa, a wannan lokaci na shekara, sau da yawa yini ɗaya ne.

Manya kuma tasu hanyar daban ce. Lebura, ɗan kabu-kabu, mai tura kurar ruwa, mai aikin gidan burodi, mai noman rani da ya yini a fadama yana ban ruwan albasa, mace mai tuyar masa a bakin murhu. Ciwon kai ya kama shi, ga jiri, ga kasala, ga jiki ya yi zafi. Ba wurinmu zai fara zuwa ba, kyamis zai tsaya, ya ce maleriya da taifot ke damunsa. A haɗa masa magani, a yi masa allura. Idan abin ya ƙi, sannan ya zo. In yi masa gwajin maleriya, babu. Sai in tambaye shi, "Malam, yau sau nawa ka yi fitsari, kuma wane launi ne?" Ya yi shiru yana tunani, ya ce sau ɗaya, tun safe, ja kamar shayi. To wannan ba sauro ne ya cije shi ba, jikinsa ne ya ƙafe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum don su iya fita gobe. Idan jiki ba ruwa, waɗannan ƙwayoyin kai tsaye ƙoda suke taɓawa.

Kusan kowa da buƙata ɗaya yake zuwa: "Malama, ki dai sa mani ruwa." Mutanenmu sun yarda da ƙarin ruwa fiye da kowane magani, har wasu a gida ake rataya musu leda a jikin ƙusa. Ƙarin ruwa yana ceton rai, ban musa ba, amma na wanda ya kasa sha ne, ko yake ta amai, ko ya fita hayyacinsa. Mai iya haɗiya, ruwan da ya bi ta baki ya ishe shi, ya fi sauƙin kuɗi, kuma ba shi da haɗarin da leda ke da shi ga mai ciwon zuciya. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ko a sayi na leda a kyamis a haɗa yadda aka rubuta. Idan yaro ne mai gudawa a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Na faɗi wannan har ban san iyaka ba, kuma zan ci gaba da faɗi.

Masu jego su ne muhawararmu ba ta ƙarewa. Uwar miji takan dube ni ta ce, "Malama, wanga zafi ko babba bai haƙuri da ruwa, balle jinjiri." Ina gane tausayin da ke cikin maganar, ba na raina ta. Sai dai nonon uwa mafi yawansa ruwa ne, jaririn da bai kai wata shida ba shi kaɗai ya ishe shi, a dai yawaita ba shi, ruwan kuma a ba uwar ta sha ta ƙoshi. Ruwan da za a ɗura masa da cokali shi ne ƙofar gudawa. Haka wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa, a cikin Afrilu. Likitoci a Arewa sun daɗe suna danganta wannan da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ba na cewa a bar wanka, cewa nake a sirka ruwan, a rage kanwa. Masu ciki kuma da bazara suka fi tsallake ranar awo, alhali lokacin ne zafi ke iya jawo naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini.

Sanƙarau kuwa ba a littafi na fara saninsa ba. Ina yarinya aka yi annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a nan Arewa. Abin da na riƙe daga wannan shekarar shi ne yadda Inna ta hana mu kwana a ɗaki, da yadda ake yawan wucewa da makara ta ƙofar gidanmu. Daga 2011 aka fara allurar rigakafin nau'in A na ƙwayar cutar a ƙasar nan, cutar ta lafa, har muka fara sakin jiki. Sai ga 2017, wani nau'in daban, wato C, ya ɓulla daga Zamfara ya shigo Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja. Kafin ruwa ya sauka an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu.

A cikin waɗanda suka kamu har da ɗan yayana, yaro ɗan shekara bakwai, a ƙauyensu da ke kan hanyar Boɗinga. Zazzabi ya fara masa da rana tsaka, yana kuka da kai, yana rufe ido ba ya son haske. Aka ba shi farasitamol aka ce a jira yamma. Da yamma ya fara amai, kafin a yi shawara dare ya yi, ba abin hawa. Da safe da Yaya ya iso da shi wurina a kan babur, wuyan yaron ya riga ya sanƙare, na ɗaga kansa don haɓarsa ta taɓa ƙirji sai ya ƙwalla ƙara. Ban tsaya komai ba na rubuta takardar tura su babban asibiti, na bi su. A hanya Yaya sai maimaitawa yake, "To ba an yi mashi allurar sanƙarau ba? Da hannuna na kai shi." Gaskiya ya faɗa, an yi masa, amma ta nau'in A ce, ba ta tare C.

A can aka ce za a ɗebi ruwan bayansa a gwada. Yaya ya ƙi, don a ƙauye an yi imani duk wanda aka tsira wa allura a gadon baya ba ya sake tafiya. Na ja shi gefe na ce, "Yaya, don girman Allah ka bari. In da abin nan na gurgunta mutum, ni ce farkon mai hanawa. Ɗana ne shi ma." Ya yi shiru, ya share hawaye da hularsa, ya sa hannu. Aka fara yi wa yaron allurai, Allah ya tashi kafaɗarsa. Sai dai ranar da ya farfaɗo uwarsa ta kira sunansa bai waiga ba. Har yau ba ya ji. Yanzu saurayi ne, ya koyi ɗinki, hannunsa yana da kyau, mun gode wa Allah. Amma duk lokacin da na gan shi yana kallon leɓen mutane don ya gane abin da suke faɗi, daren nan da aka yi ana jira nake tunawa.

Ba zafi ne da kansa ke haifar da sanƙarau ba. Ƙwayar cuta ce da ke zaune a maƙogwaron mutane, tana bin tari da numfashi. Busasshiyar iska da ƙura su ke raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro su buɗe mata hanya zuwa jini, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya yaɗa ta. Shi ya sa take tashe daga hunturu zuwa bazara, damina na sauka ta kwanta. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke tare nau'i biyar a lokaci ɗaya, har da C ɗin da ya kurmantar da ɗanmu. Duk uwar da ta yi mini gardamar rigakafi, labarinsa nake ba ta.

Sai azumin 2024, wanda ya kama daga 11 ga Maris, goman ƙarshensa ya faɗo daidai ƙarshen Maris da farkon Afrilu. Duk wanda ya yi wannan azumin a garin nan zai tuna shi. Inna a lokacin ta haura saba'in, tana zaune gidan ƙanena a Mabera, tana da hawan jini, kuma cikin magungunanta akwai mai sa yawan fitsari. Tun kafin a ga wata na je na same ta na ce, "Inna, bana ki huta, a ciyar maki. Zafin ga ya yi yawa, ga maganin da kike sha." Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, tun ba a haife ki ba nike azumi cikin zafin da ya fi wanga. Aikin asibitin naku bai kai ga hana ni bautar Ubangijina ba." Uwa ce, ba a ja-in-ja da ita. Na roƙe ta ta yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ta ce to.

Akwai abin da ya kamata duk mai tsoho a gida ya sani. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji, ko jikinsa ya bushe. Guminsa ma ya ragu, don haka jikin ba ya iya sanyaya kansa da kyau. Ga Inna kuma da ciwon gwiwa, ashe da gangan take rage ruwan dare don kada ta yi ta tashi zuwa bayan gida. Kwanaki suna tafiya, ruwan jikinta yana raguwa kaɗan-kaɗan, dare kuma ba sanyin da zai mayar mata da ƙarfi.

Wata rana cikin goman ƙarshe, bayan azahar, matar ƙanena ta kira ni tana kuka: "Yaya, ki taho, Inna na ta sambatu, ba ta gane kowa, tana kiran mutanen da sunka rasu." Maƙwabta sun riga sun taru. Wasu suka ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da suka ji jikinta da zafi sai suka ɗauka zazzabi ne, suka lulluɓe ta da zane a cikin ɗaki, ana neman yadda za a ɗura mata farasitamol. Ta waya na ce su yaye lulluɓin, su fito da ita inuwar zaure inda iska ke ratsawa, su rage mata tufafi, su yi ta kwara mata ruwan randa tun daga wuya har ƙafa, biyu su tsaya a kanta da mafici. Na ce kada wanda ya zuba mata komai a baki tunda ba ta cikin hayyacinta, zai iya wucewa huhu. Farasitamol kuma ba ya sauke irin wannan zafin, don ba zazzabin cuta ba ne, jiki ne ya kasa fitar da zafin da ya shige shi.

Na hau kabu-kabu, ban san yadda muka iso ba. Na taɓa ta, fatar a bushe, ba ɗigon gumi, ma'aunin da na sa mata ya haura 40. Wata maƙwabciya, Allah ya saka mata da alheri, ta kawo ƙanƙarar da ta saya da tsada don buɗa-bakin gidanta, muka farfasa muka naɗe a tsumma muka sa mata a wuya da hamata da matsematsi. A cikin keke napep ma ba mu daina jiƙa ta ba har muka isa babban asibiti. Wannan sanyayawar da aka fara tun a gida, likitan da ya karɓe mu ya ce ita ta taimake ta, domin a irin wannan hali kowane minti da jiki ya ƙara a cikin zafin yana cin ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta.

Abin da na tarar a ɗakin gaggawa ranar bai bar zuciyata ba. Gadaje sun cika, wasu a kan benci, wasu a tabarma a baranda, kuma mafi yawansu tsofaffi ne irin Inna: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, mai asma. Ma'aikatan suna ta kai da kawowa, da yawansu da azumi a bakinsu, rigunansu sharkaf. Aka sa wa Inna ruwa, aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna ƙodarta ta taɓu. Likita ya ce idan fitsari bai dawo ba, sai an kai ga wankin ƙoda. Ni da na san kuɗin wankin ƙoda, na san kuma abin da ke aljihunmu, sai na zauna a gefen gadon ina kallon ledar fitsarin nan ina addu'a. Ban taɓa roƙon Allah wani abu da naci irin na wannan daren ba. Da ya fara ɗigowa, ni da ƙanena muka yi sujada a nan ƙasan ɗakin.

A asibiti muka yi sallar wannan shekarar. Ƙanena ya sayar da ragunan da yake kiwo don layya, ni na karɓi adashina kafin zagayena ya zo. Mu da muke da ma'aikaciyar lafiya a gida da abin sayarwa ke nan. Tsohuwar da ke gadon kusa da namu, daga wani ƙauye aka kawo ta bayan ta kwana biyu a gida a wannan halin, ba ta tashi ba. 'Ya'yanta suka ce hawan jini ne. A takardar Inna ma abin da aka rubuta ciwon ƙoda ne da hawan jini. A unguwarmu an yi jana'izar tsofaffi da dama a waɗannan makonni, kowanne da sunan ciwon da aka san shi da shi. Na yi imani da ajali, ba mai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana haka shi ya umarce mu da neman magani, shi ya sauƙaƙa wa marar lafiya ya ajiye azumi, har ya ba da damar a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta. Mai hawan jinin da ya shekara goma yana lallaɓa ciwonsa, ya faɗi a makon da gari ya fi ƙuna, ai ya kamata a tambayi abin da ya tunkuɗa shi.

Muna kwance a asibitin na ji a rediyo cewa ba mu kaɗai ba ne. A garin Kayes na ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ne. Masana yanayi da suka bincika suka ce ba don ɗumamar da duniya ke yi ba, da zafin bai kai haka ba. Bayan wata biyu kuma, a aikin hajjin wannan shekarar, sama da alhazai 1,300 suka rasu cikin tsananin zafin Makka. Abin da ya tsaya mini shi ne, su can wani ya ƙirga ya faɗa. Mu a nan fam ɗin rahoton da nake cikawa duk wata yana da gurbin maleriya, da na gudawa, da na ƙyanda, amma ba shi da gurbin wanda zafi ya kayar. Abin da ba a ƙirga ba kuwa ba a ware masa kuɗi, ba a yi masa shiri. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi, amma sau da yawa a waya yake yawo da Turanci, bai isa kunnen irin su Inna ba.

Shi kansa asibitin namu zafi ba ya ƙyale shi. Alluran rigakafi dole su zauna tsakanin digiri 2 da 8, allurar tsayar da jini bayan haihuwa ita ma sanyi take so, in ta sha zafi ƙarfinta ya ragu ba tare da an gani a ido ba. Firjin sola da muke da shi ya rufa mana asiri ƙwarai. Masu ciwon suga da ke ajiye allurar insulin a gida kuwa, waɗanda ba su da firji, nakan ce su sa ta a ƙaramar tukunyar ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ɗakin haihuwarmu da dare, idan ba wuta, da fitilar waya da mafici ake aiki, mai naƙuda tana gumi, mai karɓar haihuwa tana gumi. Ga 'yan gudun hijira da rashin tsaro ya koro daga wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, suna zaune a kangaye, wasu ƙarƙashin leda da buhu, ba inuwa, ba ruwa. 'Ya'yansu ne suka fi zuwa mana a galabaice, ga yunwa ga gudawa.

Bayan abin da ya sami Inna, na zauna da abokan aikina muka sauya abin da ke hannunmu. Da bazara yanzu awo da rigakafi da sassafe muke farawa, don mata su koma gida kafin rana ta take. Mun sa randa biyu a bakin ƙofa, mun dasa dogon yaro a filin da mata ke jira. Mun je wurin mai unguwa da limamin masallacin Juma'a, muka roƙi a riƙa faɗa wa jama'a alamomin da ba a jira da su: ruɗewa ko sambatu, jijjiga, sanƙarewar wuya, yaron da ya ƙi nono, mutumin da ya yini bai yi fitsari ba. Liman ya karɓa hannu biyu, kuma maganarsa ɗaya ta fi tamu goma shiga kunnen maza. Ya ƙara da nasa, cewa kada mace ta jira dawowar miji idan yaro ya shiga irin wannan hali, maigida ya bar izini da kuɗin mota tun da safe. Wani mai keke napep a unguwar ya ba da lambarsa ya ce a kira shi ko tsakar rana ce ko tsakar dare. Ni kuma na sayi littafi na daban, ina rubuta duk wanda na ga zafi ne ya kawo shi, ko da babu wanda ya nema.

Inna ta warke, sai dai ƙodar ba ta koma yadda take ba, ana duba jininta lokaci-lokaci, kuma likitanta yakan daidaita mata magani idan bazara ta gabato. Ban yarda kowa ya rage maganin hawan jini da kansa ba, wannan aikin likita ne. Batun azumi kuwa ba ni na shawo kanta ba. Ƙanena ya ɗauko malamin da take jin maganarsa, ya zauna ya yi mata bayani cewa rangwamen da Allah ya yi wa tsoho da marar lafiya kyauta ce daga gare shi, karɓarta ma biyayya ce. Ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga watan azumi tana cin abinci da rana ba. Daga baya ta yarda, da sharaɗin ita za ta zaɓi wanda za a ciyar, ta kuma zaɓi wata 'yar gudun hijira mai marayu da ke kangon bayan gidansu.

Da yake azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, yanzu ya fara komawa cikin hunturu. Inna ta riga ta lissafa wannan da kanta. Kwanan baya da na raka ta asibiti, ta tambayi likita ko za ta iya komawa azuminta idan ya faɗo cikin sanyi. Ya ce sai ya ga gwajin ƙodarta na gaba tukuna, sannan su yi magana.